Yaranmu Masu Buƙata ta Musamman da Takardar IEP: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwa mata masu aikin sa-kai ta gabatar a taron iyaye na ƙungiyarmu a Bronx, birnin New York. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba.

 

 Ina gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama. Yawancinku a shago kuka san ni, tsakanin atamfa da leshi da turaren wuta. Ni ba malamar makaranta ba ce, ba kuma lauya ba, bokona a sakandare ya tsaya. Abin da ya tsayar da ni a gabanku yau shi ne na yi fiye da shekara 10 ina zarya makaranta a kan autana, kuma a 'yan shekarun nan ina raka wasu iyayen zuwa irin zaman da na saba zuwa. Na nemi izinin yaron kafin in ba da labarinsa, ya ce in faɗa, in dai zai amfani wani.

Yadda abin ya faro mini

Autana ya cika shekara biyu bai ce "Mama" ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an kunna bilenda a kicin sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Likitar yara ta ce in yarda a zo gida a duba shi, akwai shirin gwamnati na yara 'yan ƙasa da shekara uku, kuma ba za a karɓi ko sisi a hannuna ba. Na ce mata to. Ina fitowa na tura takardar cikin jaka, can ta tsufa. Yayata ta kira daga gida ta ce nauyin baki ne irin na maza, kawunsa ma sai da ya kai huɗu. Wata ta ce harshe biyu ne ya rikita shi, mu daina yi masa Hausa. Wata kuma ta ja ni gefe a gidan suna ta ce iska ce. Duk na saurara, don kowace maganar ta fi mini daɗin ji a kan ta likita.

Da ya shiga kindagatin yana ɗan shekara biyar, abin da nake ɓoyewa ya fito fili. Mako ba ya wucewa ba a kira ni ba: zo ki ɗauki ɗanki, ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa. In rufe shago da rana tsaka, in je in ɗauko shi ina sunkuyar da kai. Makaranta ta aiko takarda tana neman izinin gwada shi, na ƙi sa hannu. Har babansu ya fara maganar a mayar da shi gida wurin kakarsa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, wadda 'yarta ke da matsalar ji, ita ta zaunar da ni. Ta ce, "Hajiya, kakar tasa za ta so shi, amma wa zai koya masa magana? Abin da kike gudu, ni shi na yi wata shida ina bi kafin in samu." Ita ta raka ni na sa hannu. Gwaji ya nuna yana da otizim, wato lalurar da ke taɓa magana da cuɗanya da mutane da yadda yaro ke jin ƙara da taɓi.

Shekara uku na ɓata masa, daga biyu zuwa biyar, kuma su ne shekarun da harshen yaro ya fi saurin kamawa. Wannan nauyin yana wuyana har yau. Shi ya sa na roƙi a yi wannan taro.

Mece ce IEP?

Haruffa uku ne na Turanci da za ku riƙa ji a makaranta. Ma'anarsu: tsarin karatu da aka rubuta wa yaro ɗaya tak, daidai da buƙatarsa. Ni mai sayar da yadi ce, don haka ga yadda na fahimce shi. Karatun aji kamar rigar kanti ne, an ɗinka ta da awo ɗaya, ta dace da yawancin yara. IEP kuwa zuwa wurin tela ne, a auna yaro a yanka masa tasa. Bambancinsa da alkawarin tela shi ne, abin da aka rubuta a takardar nan doka ta tilasta wa makaranta ta cika shi.

Dokar ba daga sama ta faɗo ba. Kafin 1975, makarantar gwamnati a ƙasar nan tana iya ce wa uwa ba mu da wurin ɗanki, ta rufe ƙofa. Majalisar dokokin Amurka da kanta ta lissafa yara masu naƙasa kimanin miliyan ɗaya da ba sa makaranta kwata-kwata. Iyaye ne suka kai ƙara a jihar Pennsylvania da birnin Washington a farkon shekarun 1970, suka yi nasara, sannan a watan Nuwamba na 1975 shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar tarayya. A 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA, aka sake sabunta ta a 1997 da 2004. Abin da ta tanada shi ne: duk yaro mai naƙasa daga shekara 3 zuwa 21 yana da hakkin ilimi kyauta wanda ya dace da shi. Ta jera rukuni 13, daga makanta da kurumta da naƙasar gaɓɓai zuwa otizim, matsalar magana, raunin fahimta, da wahalar haɗa baƙi wadda yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ma kan yi fama da ita.

Kada wani ya ɗauka ɗansa ne kaɗai. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, yara kimanin miliyan 7.5 ne ke samun wannan taimako a Amurka, wato kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati. A birnin New York kusan yaro ɗaya ne cikin biyar. 'Ya'yan likitoci da lauyoyi suna ciki, kuma iyayensu da kansu suke rubuta wasiƙa su nema. Mu ne ake bi da takarda muna ɓuya.

Yadda ake farawa

Ba sai malama ta fara magana ba. Uwa ko uba suna da ikon nema. In yaro bai kai shekara uku ba, a yi wa likitansa magana ko a kira 311 a nemi shirin tallafin farko na ƙananan yara. Daga uku zuwa biyar akwai kwamitin yaran da ba su shiga kindagatin ba, ana kiransa CPSE. Wanda ya riga ya shiga makaranta, a rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa: ga sunan ɗana, ga ranar haihuwarsa, ga abin da nake gani, ina neman a gwada shi don ilimi na musamman. A sa kwanan wata, a sa hannu, a miƙa a ofis, a ce su buga hatimi a kan kwafi su ba ka. 'Yan kasuwa kun san bambancin "ai na biya ka" da rasit. Maganar da aka yi da malama a bakin ƙofa lokacin tashi ba ta shiga lissafi.

Daga nan za su nemi izininka a rubuce. Ba a gwada yaro sai iyaye sun yarda, ba a kuma fara yi masa komai sai sun sake sa hannu. A jihar New York, daga ranar da ka sa hannu suna da kwana 60 su gama gwaji, kuma cikin ranakun makaranta 60 ya kamata a ce taimakon ya fara. Rubuta ranar a kalanda.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan, wato harshe. Ranar rajista akwai fom da ke tambayar wane harshe ake yi a gida. Da yawanmu muna rubuta Turanci don kada a raina mu, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su rubuta Faransanci, alhali Hausa ko Zabarmanci ake yi wa yaron tun yana goye. A faɗi gaskiya. Doka ta ce a gwada yaro da harshen da zai fi nuna abin da ya sani, ta kuma hana a ce yana da naƙasa don kawai bai iya Turanci ba. Kuskuren yana zuwa ta fuska biyu. Akwai yaro lafiyayye da ya sauka daga Accra ko Yamai jiya, a ga ya yi shiru a ce yana da matsala. Akwai kuma mai matsalar gaske da za a yi ta cewa a bar shi, Turanci yake koyo, har shekaru su wuce. Uwa ce za ta raba gardama, don ita ta san ko da Hausar ma yana bayan sa'o'insa. Kuma don Allah kada a daina yi wa yaro Hausa. Harshe biyu ba ya hana yaro magana. Da na bi shawarar nan na ɗan lokaci, abin da na samu shi ne ɗana yana jin guntun Turancina, ba ya jin kakarsa a waya.

Ranar zama

Bayan gwaji za a kira zama, kuma a jihar nan sai an sanar da kai aƙalla kwana biyar kafin ranar. Za ka tarar da malamar aji, malamar ilimi na musamman, wakilin hukumar ilimi, da masanin da zai bayyana sakamakon gwajin. Zamana na farko, mutum shida na tarar a tebur, kowa da kwamfuta. Aka yi ta Turanci mai gudu, ina cewa "yes, yes", aka miƙo biro na sa hannu. Minti 20 aka gama. A mota maƙwabciyata ta tambaye ni wane aji aka sa shi, ban sani ba. Ni da ba na karɓar kwali daga dillali sai na buɗe na ƙirga turmi ɗaya bayan ɗaya.

Tarbiyyarmu ce ta kawo haka. An koya mana ba a musu da malami, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai a wannan zama doka ta sa uwa da uba cikin 'yan kwamiti, kujerarsu daidai take da ta kowa. In ka yi shiru, su a wurinsu ka yarda ke nan. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce.

Ga abubuwan da ya kamata a sani kafin a shiga. Kana da hakkin tafinta, kuma makaranta ce za ta nemo, ko da ta waya ne. A faɗa musu tun da wuri cewa Hausa ake so. Kada a mayar da yayar yaron tafinta. Yarinya 'yar shekara 12 ba za ta iya fassara rahoton masani ba, kuma bai kamata ta ji wasu maganganun a kan ƙanenta ba. Kana da ikon zuwa da wanda kake so, ɗan'uwa ko ɗaya daga cikinmu. Ka nemi a ba ka rahoton gwajin kafin ranar, ka sami wanda zai karanta maka a nutse. In lokacin bai yi maka ba, ka ce a sauya. Iyaye maza, da ku nake. Na san masu tuƙin tasi da masu aikin dare ba su da lokacin kansu, amma an yarda a shiga zaman ta waya ko bidiyo. Faka motar minti 40. Na ga yadda zama ke sauyawa in an ji muryar uba yana tambaya.

Yadda ake karanta takardar

Takardar tana da shafuka da yawa, amma wurare huɗu ne nake fara dubawa in an kawo mini.

Na farko, bayanin inda yaron yake yanzu. Karanta ka ga ko ɗanka ne aka siffanta. In an manta cewa yana haddace duk abin da ya ji sau biyu, ko yana jin tsoron ƙarar ƙararrawa, ka ce a ƙara.

Na biyu, burin shekara. Dole ya zama abin da za a iya aunawa. "Zai inganta karatunsa" ba buri ba ne, kamar mai bashi ne ya ce zan biya in Allah Ya hore. Buri shi ne a ce nan da ƙarshen shekara zai karanta kalma kaza a minti ɗaya, ko zai nemi abin da yake so da jimla mai kalma huɗu sau takwas cikin goma. Kuma a rubuta yaushe za a riƙa aiko maka rahoton ci gaba. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani yaro mai otizim daga jihar Kolorado, Endrew F., wanda iyayensa suka ga ana maimaita masa kusan buri ɗaya kowace shekara. Duka alƙalan suka haɗu a kan cewa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba bai wadatar ba, sai tsarin ya zama wanda zai kai yaro ga ci gaban da ya dace da halinsa. To in ka ga burin bana shi ne na bara, ka tambayi dalili.

Na uku, jerin taimakon. A nan ake rubuta mai koyar da magana, mai horar da hannu da yatsu, mai gashin ƙashi, mai ba da shawara, ma'aikacin da zai zauna kusa da yaro, motar makaranta. Kowanne da adadinsa: sau nawa a mako, minti nawa, yara nawa a rukuni, a ina. An rubuta wa ɗana koyon magana sau biyu a mako, minti 30. Shekarar karatu kwana 180 ce, kimanin mako 36, wato zama kusan 72 ke nan. A shekararsa ta biyu na sayi ɗan littafi ina tambayarsa kullum ko ya ga malamar magana. Sai na gano wata uku ba a yi masa ko ɗaya ba, malamar ta bar aiki ba a kawo wata ba, ba kuma wanda ya gaya mini. Na rubuta wasiƙa da kwanakin. Aka ba ni takardar izini da ake kira RSA, wadda ke ba iyaye damar neman ƙwararre a waje hukuma ta biya, aka kuma rama masa abin da ya rasa. Da ban ƙirga ba, da shiru kake ji.

Na huɗu, wurin jarrabawa. Ƙarin lokaci, ɗaki mai shiru, ko a karanta masa tambaya, duk taimako ne mai kyau. Amma akwai gurbin da ake cewa yaro zai yi jarrabawa ta daban maimakon ta jiha. An yi ta ne don yara masu raunin fahimta mai tsanani, kuma wanda aka ɗora a wannan hanya a New York ba ya fita da difilomar sakandare irin ta kowa. Akwai yaran da ita ce daidai da su. Amma kada a cika wannan gurbi ba ka fahimci inda zai kai ba.

Ana sake duba takardar aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake gwaji aƙalla duk shekara uku, kuma kana iya neman zama a kowane lokaci. In yaro ya kai 15 a jihar nan, dole a fara rubuta shirin rayuwarsa bayan sakandare: kwaleji, sana'a, ko aiki.

Zama a aji ɗaya da sauran yara

Wannan ita ce tambayar da ta fi tsorata iyaye: za a ware ɗana? Asalin doka shi ne yaro ya zauna da sa'o'insa marasa naƙasa gwargwadon yadda zai yiwu, a kawo masa taimako inda yake. Ba a fitar da shi sai in an tabbatar ko da taimakon ba zai koyu a can ba, kuma sai an rubuta dalili a takardar.

A makarantun birnin nan matakan suna hawa-hawa. Akwai yaron da ke ajin kowa, malama ta musamman tana zuwa masa wasu sa'o'i a mako. Akwai ajin ICT, mai malamai biyu a lokaci ɗaya, inda masu IEP ba sa wuce kashi 40 cikin ɗari na ajin, ba sa kuma wuce yara 12. Akwai ƙananan azuzuwa masu yara 12 ko 8 ko 6 da malami da mataimaki. Sannan akwai makarantun Gunduma ta 75, na yara masu buƙata mai nauyi.

Ɗana ya fara da ƙaramin aji, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya amfane shi. A can ya daina shiga ƙarƙashin tebur, a can ya fara haɗa jimla. Amma ya kai lokacin da ya fi kowa a ajin magana, ba shi da wanda zai kwaikwaya. Yaro a bakin yara yake ɗaukar magana. Na nemi zama na tambaye su: me za a tanada masa ya iya zama a babban aji? Aka fara da sa'ar lissafi kawai, sannan a aji huɗu aka mayar da shi ICT, da kujera a gaba, da jadawalin hotuna a kan teburinsa, da izinin fita minti biyar in hayaniya ta yi masa yawa. Ranar da wani yaro ɗan ajinsu ya gayyace shi gidansu, na shiga bayan shago na yi kuka.

Sai dai a lura. Ajiye yaro a kujerar baya ta babban aji yana zane-zane, sauran suna karatu, wannan ma wariya ce, ko da ɗaki ɗaya suke. Na ga iyayen da suka ƙi ƙaramin aji don gudun bakin mutane, yaro ya yi shekara biyu bai ƙaru da komai ba. Na ga kuma waɗanda aka bar ɗansu a ƙaramin aji shekara shida ba wanda ya sake tambaya. Je ka ga ajin da idonka kafin ka yarda. Tambayi da wa yake cin abinci, da wa yake wasa, ko ana tafiya da shi in ajin zai fita ziyara. Kuma kowace shekara a sake ɗora tambayar a tebur, domin yaro yana girma, awon bara ba zai yi masa bana ba.

Masu fama da kiran "zo ki ɗauki ɗanki", ku nemi a binciki abin da ke tayar masa da hankali a rubuta tsarin magance shi. In kuma za a dakatar da yaro mai IEP fiye da ranakun makaranta 10, dole a zauna da iyaye a duba ko lalurarsa ce ta jawo abin da ya yi.

Tsoron da ke hana mu

Na san abin da ake faɗa a gidajen biki. Wai za a ƙwace yaro: neman IEP harkar karatu ce, ba ƙara ba ce a kan iyaye. Wai za a tona asirin marasa takardun zama: tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kowane yaro yana da hakkin makarantar gwamnati ko yana da takarda ko ba shi da ita, kuma makarantun birnin nan ba sa tambayar matsayin iyaye. Wai tambari ne har abada: akwai dokar tarayya ta 1974 da ke kare sirrin takardun ɗalibi, ba a rubuta IEP a jikin difiloma, kuma yaron da ya daina buƙata ana cire shi. Wai za a tilasta masa shan magani: doka ta hana makaranta sanya wannan sharaɗi. Saura tsoro na ƙarshe, wanda ba doka da za ta cire mana, shi ne me mutane za su ce, wa zai auri yayyensa. Mutanen nan mu ne, mu da ke zaune a ɗakin nan. In muka daina nuna ɗan wani da baki, tsoron ya ƙare.

Addu'a kuwa ban taɓa dainawa ba, kuma ba wanda ya ce in daina. Da ita da neman magani tare suke tafiya.

In ba ka yarda da abin da aka yanke ba, kada ka yi fushi ka tafi gida ka yi shiru. Kana iya neman wani masani na waje ya sake gwaji hukuma ta biya. Akwai zaman sulhu kyauta, akwai kuma sauraron ƙara a gaban jami'i mai zaman kansa, kuma yayin da ake wannan yaro yana ci gaba da zama inda yake. Ƙungiyoyi irin su Advocates for Children of New York da INCLUDEnyc suna ba iyaye shawara kyauta. Waɗanda 'ya'yansu ke makarantun Musulunci masu zaman kansu, ku ma kuna da rabo. Takardarku IESP ake kiranta, kuma dole a nema a rubuce zuwa 1 ga Yuni kowace shekara don shekarar da ke tafe. Wanda ya bari ranar ta wuce yana iya rasa taimakon shekara guda.

Namu gidan

Zan rufe da abin da ya fi mini ciwo. Makarantar gwamnati ta samar wa ɗana kujera, amma a Islamiyyar ƙarshen mako an ce in riƙa barinsa a gida don yana damun yara. Malamin ba mugu ba ne, yara 40 ne a gabansa shi kaɗai, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yi. Amma mun san Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, kuma ya yi ladanci a masallacin Annabi (SAW), an kuma sha bar masa riƙon Madina. Bai kamata Islamiyyarmu ta kasa abin da ajin boko ya iya ba. Ba kuɗi ake buƙata ba. Matashi ɗaya ya zauna kusa da yaron, a rage masa tsawon karatu, a bar shi ya miƙe in ya gaji, a tambayi uwarsa abin da ke aiki a makaranta a gwada shi a nan.

Ɗana ya gama sakandare da difilomarsa. Har yanzu taro yana gajiyar da shi, shi ya sa ba ku gan shi a nan ba, kuma ciniki da baƙo yana yi masa wuya. Amma shi ke riƙe lissafin shagona a kwamfuta, kuma bai taɓa ɓatar da sisi ba.

Roƙona uku ne. Wanda ke da takardar makaranta a jaka ko a ƙarƙashin katifa, ya kawo ta ranar Asabar bayan Azahar, za mu karanta tare, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Matasanmu da suka yi karatu a nan, masu jin Hausa da Turanci, muna neman mutum biyar da za su riƙa raka iyaye zama. Malamanmu na Islamiyya kuma, muna neman ku ba mu sa'a ɗaya mu zauna a kan yaran da aka bari a gida.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa malaman da ke haƙuri da 'ya'yanmu da alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, a yafe mini.